Nauyin Malama

Akwai wani kafinta mai shago a bakin layi, mutum ne mai dogon hannu da gajeriyar magana. Kowa Kafinta yake ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Ita kuwa Malama ake kiranta, domin ta daɗe tana koyarwa a firamare, kuma ko a gida ba ta ajiye aikin ba. Idan ya bar takalmi a tsakar ɗaki sai ta dube shi ta ce, "Yau sifili ka ci."

Sun haura shekara ashirin tare. 'Yarsu ɗaya ce, aure ya kai ta nesa.

Wata safiya Malama tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi, hannunta na hagu ya sauka, bai sake hawa ba. Kafin a isa asibiti bakinta ya karkace. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne ya jawo.

Kafinta bai yi kuka ba. Bai yi ihu ba, bai kama bango ba. Ya tsaya kawai yana kallo ana tsikarin hannunta da allura ana tambayarta, "Kina ji?" tana girgiza kai. Da aka zo sallamarsu, ma'aikaciyar jinya ta auna ta, ta faɗa wa abokiyar aikinta cewa kilo saba'in ne. Cikin duk bayanan da aka yi masa a asibitin nan, wannan kaɗai ne ya zauna masa a ka.

Tun daga lokacin ya zama kamar an kashe fitila a cikinsa. A ce masa, "Ya mai jiki?" ya ce, "Da sauƙi." A ajiye masa abinci ya ci, bai san ko da gishiri ba. A shago sai ya kama katako ɗaya ya yi ta goga, har wani mai ƙofa ya ce masa, "Kafinta, ƙofa na ce ka yi mini, ba takarda ba."

Maƙwabciyarsu ce ke zama da Malama idan ya fita. Amma ɗaukarta, daga gado zuwa keken marasa lafiya, daga keke zuwa banɗaki, a dawo da ita, wannan bai bar wa kowa ba.

Malama tana da wa, wanda ya riƙe ta tun bayan rasuwar mahaifinsu. Yaya suke ce masa su duka biyun. Mutum ne mai murya, irin waɗanda ko gaisuwa suke yi sai ka ɗauka faɗa ne, amma a kan ƙanwar nan tasa zuciyarsa ba ta da ƙashi.

"Ina da samari a gida suna cin abinci a banza," in ji Yaya. "Bari in riƙa turo maka ɗaya safe da yamma ya kama maka."

"A'a, Yaya. Nauyinta a kaina yake."

"Na sani. Kama maka na ce za a yi, ba ƙwace maka ba."

"Zan iya."

Jama'a, girman kai iri-iri ne. Akwai mai babbar riga da ɗaga hanci, wannan kowa ya san shi tun daga nesa. Akwai kuma mai sunkuyar da kai, ba ya zagin kowa, ba ya raina kowa, abin da ya iya faɗa kawai shi ne "ni kaɗai". Wannan na biyun ya fi wuyar magani, don mai shi ma ɗauka yake haƙuri yake yi.

Ana nan, wata safiya ya ɗago ta daga gado, suna tsakanin gado da keke sai bayansa ya saki. Ba faɗuwa ta yi da ƙarfi ba, zamewa ta yi a jikinsa har ta kai ƙasa. Daidai nan Yaya ya yi sallama ya ɗaga labule.

Ya ga ƙanwarsa zaune a siminti, zani ya kwance, kai ya langaɓe gefe. Ya ga mijinta durƙushe yana haki. Suka mayar da ita kan gado, sannan Yaya ya ja Kafinta waje.

"Ba na son mu ɓata," ya ce, yau muryar a ƙasa. "Amma ka ji da kyau. Idan ta sake taɓa ƙasa, zan ɗauke ta. Gidana akwai mutane."

Kafinta ya ce, "To."

Da ya koma ciki, Malama ta kama gefen rigarsa da hannun da ke aiki. Maganarta a lokacin da ƙyar take fita, kalma ɗaya sai an jira ta biyu.

"Kar... ka bari. Ɗakina... nake so."

Daura da shagonsa akwai wani gidan ɗaga ƙarfe. Tsohon sito ne aka gyara, rufin kwano, fanka ɗaya mai kuka, madubi mai tsaga daga sama har ƙasa. Kafinta ne ya yi musu bencuna, amma bai taɓa zama a kan ko ɗaya ba. Mai wurin wani dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji. Koci ake ce masa a gabansa, a bayansa kuwa samari Baba Sannu suke kiransa, don ko me ka tambaye shi amsarsa "sannu dai".

Ranar da yamma Kafinta ya tsallaka titi ya shiga.

"Bayana nake so ya yi ƙarfi," ya ce.

"Na ɗaukar katako?"

"Na ɗaukar kaya."

Koci bai ƙara tambaya ba. Ya kai shi gaban wata doguwar sandar ƙarfe, irin wadda ake zura wa fayafayan ƙarfe masu nauyi a gefe da gefe.

"Wannan jan sanda ne a duƙe. Shi ke gina baya tun daga kafaɗa har ƙugu, idan an yi shi daidai. Idan kuma aka yi shi da ganganci, shi ke rushe shi. Duba nan."

Ya buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗunsa, ya ɗan saki gwiwoyi. Ya tura ƙugu baya, ƙirjinsa ya sauko, bayansa ya miƙe sambal.

"Ba sunkuyawa za ka yi kamar mai neman allura ba. Ƙugu ne zai tafi baya, kamar za ka rufe ƙofa da shi hannunka cike da kaya. Ka kama sandar, hannuwa su ɗan fi kafaɗa faɗi. Idonka ƙasa, ɗan gaba kaɗan, kar ka ɗaga wuya kana neman kanka a madubi, ba hoto muka zo ɗauka ba. Ka ja numfashi, ka ɗaure ciki. Sannan ka jawo ta zuwa cibiya, gwiwar hannu ta bi gefen haƙarƙari ta wuce baya. Ka matse allunan kafaɗa, ka ɗan tsaya, ka sauke ta a hankali. Ba fizga. Ƙarfen da aka fizgo ba a ja shi ba, sato shi aka yi."

Ya ɗauko wata gora ya ɗora wa Kafinta a gadon baya.

"Wuri uku za ta taɓa: ƙeya, tsakanin kafaɗu, da ƙarshen ƙugu. Duk lokacin da ɗaya ya rabu da gorar nan, ka ajiye ƙarfe. Kai kafinta ne, ka san katakon da ya lanƙwashe ba a ɗora masa rufi."

Kafinta ya dubi sandar. "Nawa ne nauyinta?"

"Kilo ashirin."

"A ƙara hamsin."

Koci ya yi dariya har sai da ya dafa benci. Da ya ga mutumin ba wasa yake ba, ya daina.

"Sanda zalla za ka fara da ita. Nauyin farko shi ne wanda za ka ja sau goma, na ƙarshe ya yi maka wuya, amma bayanka bai canza ba. Idan ka yi haka ka sake, ka sake, sai mu ƙara ƙaramin faifai. Sannu dai."

Haka ya fara. Yana zuwa bayan la'asar, ya ja sanda babu faifai, ya ajiye, ya ja. Wani saurayi mai damtse kamar turmi ya wuce ya ce, "Baba, ka manta ba ka sa mata takalmi ba." Aka yi dariya. Kafinta bai ji haushi ba, bai kuma yi dariya ba. Lissafi kawai yake a ransa: ashirin ina, saba'in ina.

Duk bayan zagaye Koci sai ya tambaye shi, "A ina kake ji?"

"Ba na jin komai."

"Ya kamata ka ji a nan." Ya danna masa yatsa tsakanin kafaɗu. "Da nan, gefen haƙarƙari. Sake."

Ya sake.

"A ina?"

"Ba na ji."

Koci ya karkata kai ya dube shi. "Kai ba ka ji ne, ko dai ba ka ji?"

Samari suka kwashe da dariya, don sun gane inda maganar ta dosa. Gaskiyar kuwa duka biyun ne. Mutumin da ya daina jin ɗanɗanon abinci, ina zai ji wata tsoka tsakanin kafaɗu? A ganinsa, tunda bai ji ba, nauyin ne bai isa ba.

A gida kuma Malama ba ta rage nauyi don ana jiran sanda ba. Kullum sai ya ɗauke ta, kullum bayansa sai ya yi masa gargaɗi, kullum maganar Yaya tana nan a bakin ƙofa.

Rannan ya shiga ya tarar Koci ya fita kai wani ƙarfe walda. Samari biyu ne kawai a can ƙarshen ɗaki suna kallon waya. Kafinta ya je ya ɗauko fayafayai ya zura, wannan gefe, wancan gefe, har lissafinsa ya cika. Saba'in cif.

Ya duƙa ya kama. Tun kafin sandar ta bar ƙasa bayansa ya yi doro. Ya fizgo ta, ta zo gwiwa ta koma. Ya sake fizga da ƙugu da wuya da duk abin da Allah ya ba shi, ta ɗan haura. A na uku ne wani abu ya soke shi a ƙasan baya, kamar an buga masa ƙusa mai zafi.

Sandar ta faɗi da ƙara. Shi ma ya bi ta.

Wannan kam ya ji.

Samarin nan biyu ne suka kai shi gida a kafaɗa, har da mai maganar takalmi, wanda yanzu bakinsa ya mutu. Suka shimfiɗa shi a tabarma kusa da gadon Malama, suka yi masa sannu suka tafi. Maƙwabciya ta riga ta koma gidanta.

 Miji a ƙasa, mata a gado, kowa yana kallon silin.

Can Malama ta ce, "Banɗaki."

Ya dafa ƙasa zai tashi, zafin ya mayar da shi. Ya juya gefe ya kama ƙafar gado, ya ɗago rabi, ya koma. Ya sake gwadawa har gumi ya jiƙa masa riga. Keken yana nan tsaye, taku biyu daga inda yake, amma da shi da babu duk ɗaya.

Ta sake cewa, "Banɗaki," a hankali. Daga nan ba ta sake ba.

Ya ji lokacin da abin ya faru. Ya ji ta juyar da fuska bango. Matar da ke ba mutane maki a kan takalmi, yau ga ta kwance cikin jiƙaƙƙen zani, mijinta a ƙasa ya kasa miƙa mata ko tsumma.

Can ta buɗe baki.

"Kira... Yaya."

Ya lalubo waya ya kira.

Yaya ya zo da matarsa da samari biyu. Matar ta gyara Malama, ta haɗa mata kaya a jaka. Samarin suka ɗauke ta cak zuwa mota. Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya tsaya a kan Kafinta ya ce, "Allah ya ba ka lafiya. Gobe za a zo a kai ka asibiti." Ya saki labule.

Likita ya ce ƙashi lafiya lau, tsoka ce ta yage, ya huta, ya riƙa ɗan takawa, kar ya ɗauki ko bokiti. Kafinta ya dawo gidan da babu kowa. Ya kwanta, ya tashi, ya sha magani. Sawun tayar keke yana nan a siminti daga gado zuwa ƙofar banɗaki, bai share ba, bai kuma tsaya kallonsa ba. 'Yarsu ta kira tana kuka, ya ce mata, "Da sauƙi."

Koci ya zo duba shi. Ya zauna a kan kujera 'yar tsugune, ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Yaran sun ce saba'in ka ɗora. Na yi ta tunani. Mai son burga sittin yake sawa, ko tamanin, ko ɗari. Me ya sa saba'in?"

Kafinta ya dubi gadon da babu kowa a kai.

"Nauyinta ke nan."

Koci ya bi idonsa da kallo. Ya ga gadon, ya ga sawun taya, ya gane. 

"Ka ce mini kaya," in ji Koci. "Da ka ce mini mutum ne." Ya sa hularsa. "Ka saurara, Kafinta. Ƙarfe bai san dalilinka ba. Bai san kana da mara lafiya ba, bai san kana sauri ba. Nauyin da za ka fara da shi ba wanda kake buƙata ba ne, wanda bayanka ya yarda da shi yau ne. Idan likita ya sake ka, ka dawo. Amma wannan karon ko sandar ba zan ba ka ba."

Ya cika alkawari kuwa. Da Kafinta ya koma, gorar nan aka miƙa masa. Babban mutum da furfura a gemu, yana duƙe a gaban madubi mai tsaga yana jan gora zuwa cibiya. Babu wanda ya yi dariya a wannan karon.

Daga gora aka koma sanda. Ƙugu baya, ciki a ɗaure, gwiwar hannu ta bi haƙarƙari, a matse, a sauke a hankali. Koci yana gefe yana cewa, "Kar ka ja da hannu. Hannu ƙugiya ce kawai, baya ne mai aikin."

Wata rana yana cikin ja sai ya tsaya. Ya ajiye sandar, ya kai hannu ta bayan wuya ya taɓa tsakanin kafaɗunsa.

"Nan," ya ce.

"Me ya faru nan?"

"Ɗumi. Kamar ana matsa wurin."

Koci ya juya. Ya je ya ɗauko fayafayai mafi ƙanƙanta a ɗakin, waɗanda samari ke tokare ƙofa da su, ya zura masa.

Kullum da yamma, idan ya fito, sai ya wuce gidan Yaya. A can baƙo ne. Ya yi sallama, a ba shi kujera, a kawo masa ruwa a kofin baƙi, ya zauna kusa da matarsa kamar mai zuwa dubiya. Ana kula da ita, ba a rage ta da komai ba. Maganarta ma ta fara dawowa, da ita da halinta.

"Sun mayar da ni ƙwai," ta ce masa. "Ko tari na yi... mutum huɗu. Jikoki kuma... ba wanda ya iya gaisuwa." Ta ɗan huta. "Ina son ɗakina, Kafinta. Ina son in ji... zartonka da safe."

"Sannu dai," ya ce.

Ta harare shi da idon da ke buɗewa sosai. "Wa ya koya maka... wannan?"

Watanni suka shuɗe. Faifai ya bi faifai, ƙarami bayan ƙarami, har ya kai arba'in da ɗoriya, bayansa a miƙe kamar teburin da ya yi da hannunsa. Amma arba'in ba saba'in ba ce, kuma haƙurin Malama ya fara ƙarewa. Ta dami wanta da magana safe da yamma har ya gaji.

"Shi ke nan," in ji Yaya. "Ka zo jibi. Ka ɗauke ta daga gado zuwa keke a gabana. Idan na ga abin da ya kwanta mini, ka tafi da matarka."

Washegari Kafinta ya ce wa Koci a ƙara masa faifai, ya gwada. Koci ya dube shi, ya ƙara, ya koma gefe ya harɗe hannu. Ya ja na farko lafiya, na biyu lafiya. Wajen na biyar ya ji ƙasan bayansa yana neman lanƙwasa, ƙugunsa yana son taimakawa da fizga. Ya sauke sandar a hankali har ƙasa, ya miƙe.

"Wa ya ce ka ajiye?" in ji Koci.

"Bayana."

Koci ya gyaɗa kai. "Yau ka fara ji."

Ranar da aka sa, ya iske an yi wa Malama wanka, an ɗaura mata ɗankwali mai kyau. Keke yana gefen gado. Matar Yaya tana bakin ƙofa, Yaya kuma ya jingina da bango, hannuwa a ƙirji.

"Bismillah," ya ce.

Kafinta ya matsa jikin gado. Ya buɗe ƙafafu, ya saki gwiwoyi, ya tura ƙugu baya. Ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗunta, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinta. Ya ja numfashi, ya ɗaure ciki, ya fara ɗagowa.

Nauyinta ya hau hannunsa. Ta ɗan rabu da katifa. A nan ya ji shi, wurin nan dai na ƙasan baya, yana magana ƙasa-ƙasa.

Zai iya fizga. Ya san zai iya. Keken taku biyu ne, fizga ɗaya da juyi ɗaya, wataƙila ta zauna lafiya, wataƙila a yi tafi, ya tafi da matarsa yau. Fuskarta tana dab da tasa, idonta yana roƙonsa kar ya tsaya.

Ya mayar da ita kan katifa a hankali. Ya zare hannuwansa, ya miƙe.

"Yaya," ya ce, "ban kai ba tukuna. Ni kaɗai ba zan iya ba."  "Don Allah ka kama mini ƙafafunta."

Malama ta rufe ido. Matar Yaya ta sunkuyar da kai. Kafinta ya tsaya hannu a sake, ya san da bakinsa ya kayar da kansa, yana jiran a ce masa ya je ya dawo wani lokaci.

Yaya ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya cire agogo ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya zo ya kama ƙafafun ƙanwarsa.

"Kai za ka ƙirga," ya ce.

Suka ɗaga tare. Ko nishi babu wanda ya yi.

"A hankali," in ji Malama, ido a rufe. "Ni ba... buhu ba ce."

Suka zaunar da ita a keke. Yaya ya gyara mata ƙafar hagu a kan matakin keken, ya zagaya baya ya kama hannun keken da kansa. Kafinta ya ɗauka falo za a kai ta. Sai ya ga an wuce falo, an bi ta tsakar gida, an nufi ƙofar waje.

"Ke, haɗa mata kayanta," Yaya ya ce wa matarsa ba tare da ya waiwaya ba. A bakin mota ya tsaya ya juyo. Muryar nan tasa ta dawo, har maƙwabta suna leƙe.

"Kai kana tsammani ƙarfinka nake jira? Da ƙarfi nake nema ai ina da samari. Wannan maganar da ka yi yanzu, ita nake jira tun tana asibiti. Da ka faɗe ta tun farko, da ko kwana ɗaya ba ta yi a gidana ba." Ya buɗe ƙofar mota. "Gobe ƙarfe nawa zan zo in kama maka?"

Kafinta ya buɗe baki zai ba da amsa, amsar ta ƙi fita. Abin da ya fito kuka ne, wanda bai yi a asibiti ba, bai yi a tabarma ba, bai yi a gidan da babu kowa ba. Ya dafa mota ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, a gaban surukinsa da yaran layi.

Malama ta miƙa hannun dama ta ja gefen rigarsa.

"Ka amsa masa mana," ta ce. "Babba... yana tambayarka."

Darasi: Ko a gidan ɗaga ƙarfe ko a gidan aure, kar ka fara da nauyin da kake buƙata, ka fara da wanda bayanka zai ɗauka a miƙe, ka ƙara kaɗan-kaɗan. Idan jikinka ya yi magana ka saurara, idan kaya ya fi ƙarfinka ka ajiye kafin ya ajiye ka. Cewa "ka kama mini" ba gazawa ba ce, sau da yawa ita ce kalmar da masu ƙaunarka suka daɗe suna jira. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana fama da wani nauyi shi kaɗai yana cewa "da sauƙi", wataƙila yau ya buɗe baki.